Zuwa Ikko da Tsohuwar Kwamfaresa a Cinya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar muryar mai bege ko mai wa'azi ya san inda gizo ke saƙa. Mutum zai fara da murya ƙasa-ƙasa sai ka kasa kunne, can shauƙi ya ɗebe shi ya saki murya gaba ɗaya, sifika ta hau ƙarzawa. Don irin wannan aka ƙera kwamfaresa, na'urar matse sauti. Kai za ka sa mata iyaka. Idan ƙara ta haura iyakar sai ta danne ta, idan ta sauko sai ta sake ta. Aikin linzami take yi wa murya, a ja idan doki ya zabura, a sassauta idan ya nutsu.

Tawa Alesis 3630 ce, 'yar gwanjo, wadda ta daɗe tana aiki a ɗan situdiyona da ke wani lungu kusa da Titin Gidan Zoo a Kano. Tallan rediyo nake yi, da ɗaukar sha'irai, wani lokaci kuma a ɗauke ni haya da kayana zuwa majalisi ko walima. Na'urar 'yar kamfanin Amurka ce, ta fito tun farkon shekarun 1990, kuma tana cikin mafiya araha a irinta: layi biyu, gidan ƙarfe siriri mai faɗin inci 19, fitilu ja da kore a gaba. Da tsufa ya kama ta sai ta fara wani gurnani can ƙasa wanda ba ya yankewa, maɓallan murɗawa suka fara ƙarce-ƙarce, idan kuma aka saka mata kalangu ko ganga sai kiɗan ya fito a cukurkuɗe.

Ma'abota harkar sauti a ƙasashen waje sun daɗe suna farke wannan na'ura suna canza mata kayan ciki, har abin ya zama sana'a. Na aika aka sayo mini 'yan IC ɗin da ake yawan ambata, wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila ya sauke su a Legas. Shi ne kuma ya ba ni labarin wani dattijo Bazazzagi a Agege, tsohon injiniyan gidan rediyo, wanda har yanzu yake da osiloskof da injin fitar da sautin gwaji a ɗakinsa. Abubuwan biyu suka haɗu a gari ɗaya, sai na ɗaura niyya.

A tashar New Road ta Sabon Gari na hau babbar bas bayan la'asar. Yaran mota suka ce in kawo kayan a sa a but. Da na leƙa na ga buhunan albasa da na busasshen barkono an danƙare su har sama, sai na ce a'a, na gode. Na naɗe na'urar da bargo na ɗora a cinya, haka muka yi tafiyar sama da kilomita dubu da ita. Zariya, Kaduna, Zuba, Gwagwalada, Abaji, duk cikin duhu da gyangyaɗi. A wani shinge jami'i ya haska tocila a kan bargon.

"Malam, mene ne wannan ka rungume?"

Na buɗe masa. Ya duba fitilun da maɓallan, ya juya ta baya.

"Rediyo ce?"

"Ƙanwar rediyo ce, ranka ya daɗe. Ita ba ta magana, sai dai ta gyara ta wani."

Ya yi dariya ya miƙo mini. Muka tsallake gadar Kwara kafin Lakwaja cikin dare, aka tsaya aka ci soyayyen kifi da shayi, sannan muka kama hawa da gangaren Okene. Daga Owo zuwa Akure zuwa Ife ban san wainar da aka toya ba. Na farka gari ya waye, iska ta yi nauyi da laima, jajayen rufin kwanon Ibadan sun bazu iya ganin ido. Cunkoson shiga Legas kuwa ba sai na ɓata takarda a kansa ba.

Agege tsohon zango ne na Hausawa, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, kuma idan ka shiga wasu layukan ba za ka ji komai ba sai Hausa. Shagon dattijon wani ɗaki ne a gaban gidansa, tebur ɗaya dogo, fanka a bango, gwangwanayen madara cike da 'yan kayan gyara an jera kowanne da takardarsa. Bayan gaisuwa na zazzage masa kunshin IC ɗina ina ɗoki. Ko kallonsu bai yi ba.

"Ɗana, ina adaftar?"

"Tana cikin jaka, Baba. Ai lafiyarta lau."

"Kawo in gani."

Anan karatun ya fara. Ita 3630 ba ta da taransifoma a ciki. Adafta ce ta waje ke ba ta bolt 9, kuma AC ba DC ba. Daga wannan AC ɗin ne take fitar wa kanta wuta biyu, mai ƙari da mai ragi, waɗanda IC ɗin ciki ke buƙata. In ka soka mata adaftar DC irin ta fiyano, ko da bolt ɗin ya yi daidai, na'urar ba za ta yi aiki yadda ya kamata ba. Adaftar asali ta kayan da suka fito daga Amurka ta bolt 120 ce, tamu wutar kuwa 230, don haka yawancin na gwanjo tun a hannun farko ake ƙona musu ita, a maye gurbinta da duk abin da aka samu. Wadda aka haɗo ni da ita AC ce, amma 'yar ƙarama. Baba ya ɗora mata mita yana kunna kiɗa, na ga da idona yadda wutar ke faɗuwa duk lokacin da fitilu suka kama gaba ɗaya.

Ya ƙara da wani abin da ban taɓa tunani ba. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Ke nan a nan manyan kafasitocin da ke tace wuta suna jira ɗan lokaci mai tsawo kafin a sake cika su, kuma idan sun riga sun raunana, gurnanin ya fi fitowa. Ya haɗa osiloskof a kan layin wutar. Maimakon miƙaƙƙen layi, sai ga wani zane mai haƙora yana rawa a kan gilashin.

"Ga gurnaninka nan," in ji shi. "Ka kawo IC daga Ingila, ciwon kuwa yana nan."

Sai da ya kwance sukurori ya zare fanel ɗin sannan na fahimci abin da ya sa masu gyara ke son wannan na'ura. Kayanta manya ne, masu ƙafafu da ke ratsa ramuka a liƙe su da dalma ta baya, irin waɗanda kowane mai gyaran rediyo zai iya cirewa da ƙarfen solda. Na'urorin yanzu masu araha kuwa, irin na Behringer da ake ƙerawa a Zhongshan ta Sin, galibin kayansu 'yan mitsi-mitsi ne da ake mannawa a fuskar fanel, sai da iska mai zafi da ido mai kyau. Ƙurar hunturun Kano ta yi wa cikin tawa shimfiɗa. Biyu daga kafasitocin sun kumbura a ka.

Kafasita irin wannan ruwa ne a cikinta, kuma zafi ke busar da shi. A jikinta ana rubuta 85 ko 105, wato ma'aunin zafin da aka gwada ta a kai, kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarta biyu. To a haɗa wannan da watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, a ɗakin da aka toshe da soso ko'ina don kada ƙara ta shigo, ga janareta na kai wuta sama da ƙasa. Na'urar da za ta shekara talatin lafiya a Jamus, a wurinmu rabin haka ma ta yi ƙoƙari.

Washegari da sassafe muka nufi Alaba. Daga Agege zuwa Ojo tafiya ce ta kanta: danfo zuwa Oshodi, wata zuwa Mile 2, sannan a kama titin Badagry. Tun kafin ka shiga kasuwar kunnenka ke sanar da kai ka iso, domin kowane mai sayar da sifika ya ƙure tasa yana neman ya danne maƙwabcinsa. Akasarin 'yan kasuwar Inyamurai ne, kowane shago da yaran da ke koyon ciniki a ƙarƙashin maigida har ranar da zai sallame su da jari. Yara masu tarar baƙi suka yanyame mu, wannan na jan hannu wancan na kiran Alhaji. Baba bai tanka wa kowa ba. Ya ratsa layin talabijin da na firji, ya kutsa wani matsattsen lungu inda shaguna ba su wuce faɗin ƙofa ba, bangonsu duk 'yan durowoyi ne daga ƙasa har rufi.

Mai shagon ya san shi, suka gaisa da Turancin Buroka. Baba ya fito da mitarsa daga aljihun babbar riga, ya zauna a kan benci, duk kafasitar da aka miƙo sai ya auna ta kafin ya ajiye gefe. Ya zaɓi masu lamba 105, na Nichicon da Panasonic. Na tambaye shi ko rashin yarda ne. Sai ya laluba aljihu ya ɗauko wata tsohuwar kafasita da ya yanka da zarto, wadda ya ce ya ciro ta daga amfilifayar wani masallaci shekarun baya. Gwangwanin waje babba ne, da suna mai kyau a jiki. A ciki kuwa wata 'yar ƙarama ce aka liƙa wa ƙafafun, sauran duk iska.

"Wanda ya sayar da ita ma wataƙila bai sani ba," in ji shi. "A kwali ta zo masa. Mita ce kaɗai ba ta jin kunyar kowa."

Muka sayi soket-soket na IC, da 'yan ƙananan kafasitoci na nanofarad 100, da man feshi na wanke bolum, da taransifoma mai bolt 9 wadda ta fi tawa ƙarfi nesa ba kusa ba. Duka kuɗin bai kai abin da na biya na mota daga Kano ba. Da azahar muka gangara wajen 'yan'uwa Hausawa masu sayar da dabbobi da kayan gwari a ɓangaren Alaba Rago, muka yi salla, muka ci tuwo da miyar kuka da ta fi ta wasu gidajen abinci na Kano.

Tsarin da ya bi wajen aikin shi ne abin da ya fi burge ni. Ba ya canza abu biyu a lokaci guda. Da farko adafta da kafasitocin wuta kawai, ya kula da gefen ƙari da na ragi, domin idan aka juya kafasita fashewa take yi. Ya kunna. Zanen nan mai haƙora ya miƙe, gurnani ya ɗauke ɗif. Ya fesa wa maɓallan murɗawa mai, ya yi ta juya su hagu da dama, ƙarcen ya tafi. Ya bi bayan fanel ya sabunta dalmar ramukan da ake soka waya, waɗanda yawan cirewa da sakawa ya tsattsage. Kafin a taɓa IC ko ɗaya, na'urar ta riga ta koma yadda na san ta da, ko ma fiye.

Akwai kafasitocin da ya hana a taɓa. Su ne ke ƙayyade saurin kamawa da saurin saki. In ka ƙara musu girma da sunan inganci, lambobin da ke rubuce a gaban na'urar sun zama ƙarya. Haka wasu IC masu ƙafa 14 da ke kunna fitilu: kamarsu ɗaya da masu ɗaukar sauti, amma tsarin ƙafafunsu daban. Ya ce ya sha karɓar na'urorin da aka yi wa gyaran gangar Auzinawa ta wannan hanya, yaro ya ga jerin kaya a waya ya bi ya tumɓuke duk abin da ya yi kama.

Daga nan aka zo kan zuciyar na'urar, wato VCA, IC ɗin da ke ɗaga sauti ko sauke shi gwargwadon wutar da aka aika masa. Siriri ne, ƙafafu 8 a layi ɗaya. Asalin fasaharsa ta David Blackmer ce, wanda ya kafa kamfanin dbx a 1971, kuma wasu injiniyoyin dbx ɗin ne suka ɓalle a 1989 suka kafa THAT Corporation a jihar Massachusetts, wanda har yau shi ke ƙera irin waɗannan IC wa kamfanoni da yawa, masu tsada da masu araha. Laushinsa ya kai a ce kusan milibolt 6 kacal ke motsa sauti da desibel ɗaya, shi ya sa duk dattin da ke cikin wuta yake iya bi ta nan ya shiga murya. A tawa tsohon samfuri ne mai lamba 2150. Abin da aka kawo mini 2180 ne, wanda tun daga masana'anta aka saita shi, ba ya buƙatar a daidaita shi da sukundireba. Baba ya lanƙwasa ƙafarsa ta huɗu waje, wadda tsohon ke amfani da ita wajen saiti, ya dasa shi a soket.

A layi ɗaya kawai ya yi wannan, ya bar ɗayan yadda yake. Sannan ya saka sautin gwaji ya daidaita ƙarar layukan biyu da mita har suka zo daidai wa daida.

"Me ya sa sai an yi wannan wahalar, Baba?"

"Saboda kunne maƙaryaci ne. Ka ƙara wa abu ƙara kaɗan, ko desibel ɗaya bai kai ba, zai rantse maka ya fi daɗi. Rabin masu cewa gyara ya yi, ƙara ce ta ƙaru."

Ya sa na juya baya ina fuskantar bango, yana sauya layi ba tare da ya faɗa mini wanne ne ba. Na zo da abubuwan da na ɗauka a Kano: muryar wani sha'iri, karatun talla, da kiɗan kalangu. A kan murya ita kaɗai, bambancin ɗan kaɗan ne. A kan kalangu kuwa, idan aka matse shi sosai, sabon layin ya fi tsabta. Dukan yana fitowa da kansa, ba ya jan wani ƙazanta a bayansa. Wannan na ji shi, kuma ina iya nuna shi ko an sauya.

Sai kuma IC ɗin da suka fi shan suruntu a bakin masu gyara, wato masu ƙara ƙarfin sauti, guda huɗu a gida ɗaya. Na ciki LF347 ne, aka maye su da MC33079, wanda ƙafafunsa suka yi daidai kuma a takarda ya fi ƙarancin huci. Baba ya liƙa wa kowanne 'yar kafasita ta nanofarad 100 dab da ƙafafun wuta. Dalilinsa shi ne IC mai sauri, idan aka dasa shi a fanel ɗin da ba don shi aka zana ba, yana iya kama kaɗawa shi kaɗai a wani mataki da kunne ba ya ji, sai dai ka ga yana zafi, sautin kuma ya yi kaushi ka rasa dalili. Ba mai gane wannan sai mai osiloskof. Ya kuma yi gargaɗi a kan cika fanel da IC masu cin wuta: NE5532, wanda ya shahara tun 1979 kuma har gobe yana cikin manyan miksoci, yana jan wuta fiye da ninki biyu na TL072, don haka wanda ya zuba irinsa a na'ura mai ƙaramar adafta ya gyara gaba ya ɓata baya.

Aka sake gwajin juya baya. Gaskiyar magana, daga ni har shi ba wanda ya iya rarrabe layukan da tabbaci. Huci ya ragu kaɗan idan aka ƙure ƙara babu kiɗa, iyakarta ke nan. Abin da ya fi tsada a kunshina, wanda kuma aka fi kururutawa, shi ya fi ƙarancin tasiri.

Akwai wani abin dariya a tarihin wannan na'ura. Injiniyoyi da yawa sun raina ta saboda yadda take shaƙe kiɗa, ta danne komai idan ganga ta buga sannan ta sake shi ya taso. Amma wannan shaƙewar ce mawaƙan Faransa biyu da ake kira Daft Punk suka mayar ado a ƙarshen shekarun 1990, har salon ya bazu duniya. Wanda ke son wannan launi, in ya wanke na'urar tas ya zubar da abin da ya saye ta dominsa. Ni dai murya nake ɗauka, tsabta nake nema, don haka na ce a gama layi na biyu ma. Amma ko bayan an gama, ba ta zama wata na'ura daban ba. Yadda take jin sauti ta yanke shawarar matsewa yana nan yadda aka zana shi, kuma wayoyin shigarta da fitarta har yanzu irin marasa kariya ne da ke kwasar hayaniya idan sun yi tsawo. Araha ba ta ado. Ba za ta taɓa zama kwamfaresa 1176 da Bill Putnam ya fitar a 1967 ba, komai yawan abin da aka dasa mata.

Wani zai ce ina amfanin duk wannan, alhali yaran situdiyo a Kano yanzu a cikin kwamfuta suke matse sauti, da FL Studio ko Cubase. Yana da gaskiya a kan aikin haɗa waƙa. Amma kwamfuta ba ta gyara muryar da ta riga ta fashe tun a wajen shiga, kuma a filin majalisi, ko masallacin da ake tafsiri da azumi, ko ƙaramin gidan rediyo mai watsa shiri kai tsaye, akwatin ƙarfen nan ne ke tsaye tsakanin makirufo da kunnen jama'a. Irin waɗannan na'urori suna nan jibge a masallatai da shagunan masu haya, da yawa an jingine su an ce sun mutu, alhali kafasita biyu da adafta ce matsalarsu.

Da na zo biyan kuɗin aiki Baba ya karɓi kaɗan, ya ce sauran in saya wa yaron shagona mita. Na kamo hanyar gida ta inda na zo, na'urar a cinya, wannan karon but ɗin cike da katan-katan na kayan lantarki da 'yan kasuwar Sabon Gari suka saro. Tun da na dawo take aiki, gurnani bai sake dawowa ba, sha'irai kuma ba wanda ya lura an canza komai sai wani guda da ya ce ɗakin ya yi shiru.

In aka tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, zan ce gyaran ya biya, tafiyar kuwa karatun da na samu ne ya biya ta, domin kuɗin mota da na masauki da na IC ɗin Ingila in an tara sun kusa sayen wata 'yar gwanjon da ta fi tawa. Kai da ke da irin wannan na'ura a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ba sai ka je Ikko ba. Nemi adaftar AC mai ƙarfi wadda ta dace da wutarmu, ka kai wa mai gyaran rediyon da ka yarda da shi ya canza kafasitocin wuta da masu lamba 105, ya wanke bolum, ya sabunta dalma. Ka yi aiki da ita wata guda a haka. In har bayan nan kunnenka na neman ƙari, sai ka sayi VCA, ka sa a fara da layi ɗaya.